Jan Layi a Gurbin Nauyi

A kusurwar ɗakin jira na asibiti, kusa da soket ɗin lantarki ɗaya tilo mai aiki, wani mai rubuta manhaja na zaune da kwamfuta a cinya. Dogo ne siriri, wuya kamar na zalɓe, maɓallin rigarsa na cikin ramin da ba nasa ba. Da gani ka san babu mai duba shi kafin ya fito daga gida.

Manhajar lissafin maganin yara yake gyarawa. Shirin da ke bincikar rubutunsa tun kafin a kunna manhajar ya ja masa jan layi: gurbin nauyin yaro ne, an zuba masa shekaru.

Shugabansa na tsaye a kansa, tumbi a gaba.

"Duk ba lamba ba ce? Rufe wa abin nan baki mu miƙa aiki, likitoci na jira!"

"Ranka ya daɗe, kilo daban, shekara daban."

"In kwangilar nan ta kuɓuce, kai ma ka bi ta."

Umarni ɗaya zai rubuta jan layin ya ɓace ba tare da an gyara kuskuren ba, duk 'yan sana'arsu sun san dabarar. Yatsansa na shawagi. A bencin gaba wata yarinya ramammiya na tari a kafaɗar uwarta.

Ya dube ta. Sai ya janye yatsan, ya koma farkon rubutun yana neman inda shekaru suka kutso.

Maɓallin rigarsa dai har yanzu yana ramin da ba nasa ba.