Tafintan da ya rasa mai yi masa fassara

Shekara talatin da huɗu Baba Tizhe ya yi yana tsayawa a hagun fasto a cocinmu da ke unguwar Yelwa a Mubi. Fasto ya faɗi magana da Hausa ya dakata, shi kuma ya juya ta da yaren Kamwe saboda tsofaffin da suka sauko daga duwatsun Michika. Kafinta ne, bencinan da muke zama a kai ma shi ya buga su, amma Tafinta kowa ke ce masa. Ni maƙwabciyarsa ce, 'yar ƙabilar Gude, ba na jin Kamwe ko kalma ɗaya. Duk da haka in ya ɗaga murya sai tsikar jikina ta tashi.

Abin da ke ba ni haushi da shi har gobe, mutumin da ke raba wa jama'a yaren nan kowace Lahadi shi ne ya hana shi a gidansa. Wai 'ya'yansa ba za su sha dariyar da ya sha ba ranar da ya fara shiga kasuwar Mubi da ƙauyancinsa. Hausa a tsakar gida, Turanci a makaranta. Kamwe sai tsakaninsa da matarsa Susanna, in za su yi maganar da ba sa so yara su ji. Na sha ce masa, "Tafinta, wata rana za ka nemi mai ji ka rasa." Sai ya ce ni dai bakina ba ya hutu.

Shekarar da 'yan bindiga suka shigo gari muka watse, Susanna ta rasu a hanyar gudu. Cikin tsofaffin bencin gaba kaɗan ne suka dawo, su ma ba su daɗe a duniya ba. Sabon fasto kuwa rabin wa'azinsa Turanci ne, kwamitin coci ya ce fassara tana tsawaita sujada, aka daina ta. Baba Tizhe ya koma ya zauna a bencin da ya buga.

Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Da ya farfaɗo, Hausar ta tafi kakaf, sai yaren da uwarsa ta raine shi da shi. 'Yarsa Ƙauna, malamar firamare, ita ke jinya. Ya yi magana ta miƙa ruwa, ya kau da kai. Ta kawo kunu, ya ture. Ta kira wani ɗan Michika mai tuƙa keke, ya saurara ya sosa ƙeya.

"Anti, wannan yare na kan dutse ne, na tsofaffi. Ni a gari aka haife ni. Kuma harshensa ya yi nauyi."

Wata uku ana haka. Kullum ya riƙe hannunta yana maimaita abu ɗaya, hawaye na gangaro masa. Wata rana ta fito ta zauna a ƙofata ta ce, "Mama, shi ya hana ni yaren. Yanzu me yake so in yi masa?" Tausayinsu duka biyun ya kama ni.

Ranar wata Laraba da hantsi ina ɗakin, numfashinsa ya fara sarƙewa. Sai ya faɗi magana ya dakata, ya dubi Ƙauna. Ya sake faɗi, ya sake dakatawa. Irin dakatawar da fasto ke yi masa ce. Ƙauna ta tsura masa ido, can ta dafe baki. Ba kalmomin ta gane ba, tafiyar muryar ta gane: Addu'ar Ubangiji ce, wadda muke yi tare a coci.

Ta miƙe ta tsaya a hagunsa. Ya faɗa da Kamwe, ta faɗa da Hausa, layi bayan layi. Da suka iso wurin roƙon gafara bai wuce ba. Ya damƙe hannunta ya maimaita, ya sake maimaitawa. Nan ni ma na gane sautin. Shi ne abin da ya yi wata uku yana faɗa mata, muna miƙa masa kunu.

Ƙauna ta durƙusa. "Baba, na yafe. Kai ma ka yafe mini."

Da Hausa ta faɗa. Ya rasu kafin rana ta take, kuma har yau ba mu san ko ya ji ba.