Ƙwaryar Kunun Maiturare

A Bagega, da zarar an ce an ga watan azumi, mutum biyu ne ba sa samun zama: ladan da Maiturare. Shi ladan aikinsa ke nan. Ita kuwa tsohuwa ce gajeriya mai faɗan tsiya, wadda ba ta taɓa sayar da turare ba, sunan kakarta kawai ta ci. Tun shekarar da mijinta Labbo ya rasu, kullum cikin azumi sai ta dama kunun tsamiya cike da babbar ƙwarya, ta ba Hayatu ladan ya kai masallacin unguwa. Ta taɓa jin malami ya ce wanda ya ciyar da mai azumi yana da lada irin nasa, ba tare da an rage wa mai azumin komai ba. Karatunta bai yi nisa ba, amma wannan magana ta riƙe ta gam. Takan ce ita ba ta je Makka ba, ba ta da abin fitar da zakka, ludayi ne hanyarta ta shiga Aljanna.

Sai zinari ya zo gari. Ɗanta Halliru ya riƙa shigo da duwatsu daga ramin haƙa, ita kuma tana daka masa a turmin da take surfen gero, turmin da ta gada wurin innarta. Ba ita kaɗai ba, rabin matan gari haka suka yi. Wa ya san akwai gubar dalma a cikin ƙurar? Yara suka fara suma, aka binne da yawa. Jikarta Nusaiba ma ta kwanta, Allah ya sa da sauran kwananta.

Da azumin 2012 ya kama, Maiturare ta wanke turmin da toka har sau bakwai, ta yi kununta kamar kullum. Bayan magariba Hayatu ya dawo riƙe da ƙwaryar hannu biyu, faifai a rufe. Ta ɗaga, ta ga kunu har baki, ya huce.

"Inna, mutane sun ƙoshi," in ji shi, yana kallon ƙasa.

"Sun ƙoshi? Malam Hayatu, yaushe mai azumi yaƙ ƙoshi tun bai sha ruwa ba?"

Kwana uku ana haka, ta daina damawa. Ba ta ga laifinsu ba, don mutane ne da suka binne 'ya'yansu, kuma duk unguwa an sha jin turminta yana dakan dutse. Abin da ya riƙa cin ta a rai tsoro ne, kada ya zama Allah ne da kansa ya maido mata da sadakarta. Ta yi azumin nan duka, amma babu ranar da ta sha ruwa ba ta yi kuka ba.

Shekara ta zagayo, masu aikin gyara suka zo suka kankare ƙasar tsakar gidaje suka zuba sabuwa. Da suka ce turmin ma sai an tafi da shi, sai da ta yi musu tatas, ta ce ko kakanninsu turmin nan ya girme su. Da ta gama faɗan ta mirgina musu shi da kanta, ta raka shi har bakin mota. Halliru, wanda kunya ta isa, ya sayo mata sabo na itacen ƙirya a kasuwar Anka, da taɓarya da ƙwarya.

Azumin shekarar a tsakiyar damina ya faɗo, maza na noma da ƙishirwa. Ranar farko da hantsi ta sa aka fito da turmin ƙofar gida, daidai hanyar gona. Nan ta tsaya surfe, tana cilla taɓarya sama tana tafi kamar budurwa, duk wanda ya gifta sai ta tare shi.

"Duba da kyau, sabo na! Ƙwaryar ma sabuwa ta! Ka ji ƙamshin itace?"

Wasu suka yi dariya, wasu suka gaishe ta suka wuce da sauri. Da la'asar ta dama kunun, ta sa citta da kanumfari, Hayatu ya ɗauka.

Aka kira salla. Ta ci dabino ɗaya, ta kurɓi ruwa, ba ta ji ɗanɗanon komai ba. Bayan an idar ta ji sallama. Ga Hayatu nan riƙe da ƙwarya hannu biyu, faifai a rufe, yana tafiya a hankali saboda nauyi. Ta zauna bakin turmi.

"Kada ka ce komi, Malam. Na sani, sun ƙoshi."

"Buɗe dai, Inna."

Ta ɗaga faifan. Gero ne tsaba, cike har ya yi tozo.

"Kunun bai kai sahu na biyu ba," in ji Hayatu. "Audu da Sambo saura kaɗan su yi faɗa kan ludayin ƙarshe. Kunya ta hana su maido miki ƙwarya wofi bayan abin da anka yi bara, shi na kowa yak koma gida yaɗ ɗebo hannu guda. Sunka ce don Allah gobe a ƙara."

Ta cusa hannu cikin geron har wuyan hannu, ta bar shi can. Daɗi ya kama ta, hawaye na zuba, tana ta maimaita alhamdulillahi. Can ta share fuska da bakin zane, ta ɗebo geron ta duba.

"Wanga geron Sambo na, na gane shi, duk tsakuwa! Ka ce mishi tsohuwa ba ta da idon tsinta."

Ta ƙwala wa Halliru kira, ta ce ya nemo mata ƙwarya ta biyu kafin gobe. Sannan ta jawo moɗa ta sake shan ruwa, ta ji sanyinsa ya sauka har cikinta.