Injin da Ke Son Masu Ƙiba

Mahaifiyarsa takan ce bakinsa ya riga ƙafafunsa tashi. Ya iya magana kafin ya iya tafiya, kuma tun daga nan bai taɓa yin shiru da son ransa ba. Duk wanda ya yunƙura zai bar wurinsa, sai ya riƙo masa hannun riga ya ce, "Tsaya ka ji." Da haka sunan ya bi shi, har 'ya'yansa ma in aka tambaye su sunan ubansu na gaskiya sai sun ɗan yi tunani.

Da ya isa koyon sana'a aka kai shi wurin kafinta, kafinta ya maido shi. Aka kai shi wurin mai gyaran agogo, mutumin ya rako shi har gida, ya ce wa mahaifinsa shi dai bai san laifin da ya yi wa zuri'arsu ba. Daga ƙarshe aka dace da wani tsohon mai walda wanda ƙarar guduma ta riga ta cinye wa kunne. Wannan ne ya riƙe shi shekara da shekaru, ya koya masa aiki tsaf, har ya rasu yana gaya wa mutane bai taɓa samun yaro mai natsuwa irinsa ba.

Shagon da Tsaya-ka-ji ya buɗe daga baya ɗaki ne mai rufin kwano, ga mai aski a damansa, ga mai facin taya a hagunsa. A tsakiya akwai teburin ƙarfe, a gefe kujerar baƙi, bayan kujerar kuma wata ƙatuwar fanka da shi da kansa ya ƙera wa ƙafa, wadda in ta tashi sai ka dafe hularka. Waldar sanda yake yi, kuma ta dace da halinsa. Sanda ba ta daɗewa take ƙarewa, sai ya ɗaga hular walda, ya ƙwanƙwashe dattin da guduma, ya ɗora labari daga inda ya tsaya. Aikinsa ba ya sakewa. Abin dai shi ne wanda ya kawo gyaran ƙofa da safe, to ya yi sallama da iyalinsa sai yamma.

Wata rana yayan matarsa, direban babbar mota, ya tsaya a ƙofar shagon aka sauke wani jan akwati mai tayoyi da doguwar tukunyar gas. Ya ce wata masana'anta ce ta rufe, ya samo masa.

"Sunansa Mig," in ji direban. "Ba ya cin sanda. Waya ce a naɗe a cikinsa, ka danna kunamar wannan bindigar ta fito da kanta. Iskar tukunyar nan kuma ita ke lulluɓe waldar don kada ta lalace."

"Yaya, tsaya ka ji."

Amma direban ya san surukinsa. Ko injin motar bai kashe ba.

Tsaya-ka-ji ya ɗaure tukunyar da sarƙa a jikin bango, ya murɗa mata agogonta mai fuska biyu, ya haɗa tiyo zuwa bayan akwatin. Har nan komai lafiya. Da ya buɗe cikin injin ya ɗora kwarkwaron waya, sai ya kwance bakinta ya sake shi don ya nuna wa mai aski wani abu da hannu. Waya ta yi tsalle, ta warware, ta cukurkuɗe kamar sheƙar tsuntsu. Ya wuni yana tsefe ta. Duk sanda ya zura ta tsakanin 'yan tayoyin nan biyu masu janta, ko dai ta zame ko ta lanƙwashe.

Matarsa ce ta cece shi. Tela ce, siririyar mace marar yawan magana, wai don maganar gidan an riga an rabar da ita kafin ta zo. Ta kawo masa abinci ta tarar da shi zaune cikin waya. Ta leƙa cikin akwatin ta ce, "Baban yara, ai wannan keken ɗinki ne ya sa kayan maza." Ta sa ya yanke lanƙwasasshen bakin, ta riƙe wayar kada ta kuɓuce, ta bi da ita tsakanin tayoyin, ta sassauta maɗaurinsu kaɗan kamar yadda take yi wa zare. Aka danna kunama, sai ga waya ta leƙo ta bakin bindiga.

"Dama abin da nake shirin yi ke nan," in ji shi.

Ta kwashe kwanukan jiya ta tafi.

Murna ta sa ya leƙa ya kira mai aski ya zo ya gani. Ya fara ba shi labarin yadda ya shawo kan injin, bindiga a hannu, yana nuni gabas da yamma. Ya manta yatsansa na kan kunama. Allah ya taimaka bai riga ya maƙala matsin lantarkin a jikin tebur ba, don haka babu wuta, sai dai waya da ke ta zuba a ƙasa shiru. Ta zagaye ƙafar kujera, ta hau kan takalmin mai aski, ta naɗe masa idon sawu. Da labarin ya yi nisa mai aski ya tuna ya bar wani da rabin kai a aske, ya juya zai fita, sai ga shi a ƙasa, kujera a bayansa. Mutumin da ya gaji da jira ya leƙo da ƙyalle a wuya, ya dubi mai askinsa a kwance, ya ce in ba damuwa a ba shi aron hula.

Washegari aka fara aiki sosai, nan kuma wata sabuwa ta ɓullo. Ya kankare ƙarfe, ya maƙala matsi, ya buɗe gas, ya saita wuta. Maimakon ɗinki mai santsi, sai waldar ta fito da huji-huji kamar saƙar zuma, injin na tari yana tofar da tartsatsi. Ya ƙara wuta, ya rage. Ya ƙara gudun waya, ya rage. Ya zagi direba, ya zagi masana'antar da ta rufe, ya ce da dalili ta rufe.

Ana cikin haka mai faci ya shigo. Mutum ne mai jiki, irin wanda in ya tsaya a ƙofa sai a ɗauka hadari ne ya haɗo, shi ya sa 'yan layin suke tsokanarsa da suna Tsinke. Zafi ne ya koro shi, ya zo ya zube a kujerar baƙi, ya ba fanka baya. Tsaya-ka-ji ya sake danna kunama don ya nuna masa irin wulaƙancin da injin ke yi masa. Sai ƙara ta canja, ta zama kamar ana suya a mai mai zafi, walda ta kwanta sumul tana ƙyalli.

Ya ɗaga hula ya duba. Ya sake gwadawa, haka. Can aka kira Tsinke an kawo taya, ya tashi ya fita, nan take saƙar zuma ta dawo.

Tsaya-ka-ji ba mutumin yarda da abu ba ne sai ya gwada. Ya kira mai aski, wanda in ya juya gefe sai ka neme shi, ya zaunar da shi a kujerar. Walda ta ƙi. Ya haɗa mai aski da wani ramammen mai jiran aski, suka matsu a kujera ɗaya, ta ɗan yi dama-dama. Aka dawo da Tsinke, ta yi kyau kamar daga kanti. Ya aje bindiga, ya share gumi.

"Na gane," in ji shi. "Injin nan masu ƙiba yake so."

Mai aski ya ce ai ƙarfe ba shi da ido. Tsaya-ka-ji ya ce to ya zo ya yi wa ƙarfen bayani.

Tun daga ranar Tsinke ya samu matsayi. Mutumin da tun yarinta ake yi wa dariya saboda jikinsa, yau ga shi ana aika masa da girmamawa kafin a fara aiki. Da farko yana zuwa da kunya, daga baya ya nemi a sa masa matashi a kujera. Sai shayi. Ya fara barin masu taya suna jira, yana ce musu yana bakin aiki. In matarsa ta yi maganar yawan cinsa, sai ya ce ba don kansa yake ci ba, akwai mutanen da abincinsu ke rataye da wannan cikin. Har masu kawo aiki suka koyi tambaya tun daga ƙofa, "Tsinke na nan?" In ba ya nan su ce za su dawo.

Shi kuwa Tsaya-ka-ji aiki ya yi masa sauri fiye da yadda yake so. Wayar ba ta ƙarewa kamar sanda, babu dattin ƙwanƙwasawa, babu dalilin ɗaga hula. Kafin ya gama gabatar da mutanen da ke cikin labari, ƙofa ta haɗu, mai ita ya ɗauka ya gudu. Ya koma yin magana a cikin hular, ba mai jin komai sai gurnani, Tsinke yana gyaɗa kai yana cewa haka ne.

Sai zazzaɓi ya kwantar da Tsinke, mai tsanani, har aka kai shi asibiti. Aiki ya tsaya cik. Tsaya-ka-ji ya riƙa tsayuwa a bakin titi yana kallon masu wucewa, in ya ga mai jiki sai ya yi masa sallama ya ce ya shigo ya sha iska. Wata mata mai ƙiba da ya yi wa bayanin dalili ta kusa kwaɗa masa jakarta.

A cikin kwanakin ne matakin keken ɗinkin matarsa ya karye, ta ɗauko shi ta kawo. Mura take yi, tana shiga ta miƙa hannu ta kashe fanka ta zauna. Shi bai ma lura ba, yana ta yi mata bayanin cewa ba zai yiwu ba sai Tsinke ya warke. Ta ce ya gwada dai, ɗinkin mutane na jiranta. Ya sauke hula yana gunaguni, ya danna kunama. Walda ta kwanta lafiya lau.

Ya ɗaga hular a hankali, ya daɗe yana kallonta.

"Uwar yara, tashi ki juya in gani."

"In juya in yi me?"

"Kin ƙara jiki ne ban sani ba?"

Ta dube shi irin duban da ya sa ya matsa bayan tebur. Ta ce zanen da ta ɗaura da shi aka kawo ta gidansa, har yau bai matse ta ba. Sannan ta dubi teburin, ta dubi kujerar, ta waiwaya ta dubi fanka. Ta ciro guntun zare daga gefen mayafinta, ta riƙe shi a saman teburin, ya rataya bai motsa ba. Ta ce ya kunna fankar. Zare ya tashi ya miƙe kamar zai bar hannunta.

"Me Yaya ya ce maka iskar tukunyar nan take yi?"

"Lulluɓe waldar take yi."

"To ka sayo iska, ka kunna wata tana korar ta. Tsinke bango ya zama maka."

Tsaya-ka-ji ya buɗe baki, ya rufe. Mai aski, da ya ji shagon ya yi tsit, ya shigo da gudu yana zaton wuta ce ta ja maƙwabcinsa. Da aka yi masa bayani ya yi dariya har ya riƙe bango, ya ce bari ya je ya fesa wa layi. Nan Tsaya-ka-ji ya tare ƙofa. Ya ce a yi masa dariya shi, ya yarda, ya cancanta, amma duk wanda ya kai wa Tsinke wannan maganar, shi da shi har abada. Mai aski ya ce wannan ne karo na farko da aka roƙe shi ya yi shiru a shagon nan, don haka zai riƙe amana. A ranar aka ja fanka zuwa ɗaya kusurwar, aka juya fuskarta ga kujera kaɗai, teburin ya fita daga hanyarta.

Da Tsinke ya warke ya dawo, sai da maƙwabtan nasa suka kalle shi sau biyu. Riga ta yi masa yawa, wuya ya fito, wando sai da igiya. Bai zauna ba. Ya tsaya a ƙofa yana murza hularsa.

"Maƙwabci, na zo ne in gaya maka ka nemi wani," in ji shi. "Ka ga yadda na koma. Akwai wani mai sayar da katifa a bayan layi, ya fi ni ma a da. Zan yi maka magana da shi."

"Zauna tukuna."

"Kada in ɓata maka aikin mutane."

"Na ce ka zauna."

Tsinke ya zauna a bakin kujerar, ya kumbura ciki iya ƙarfinsa, ya riƙe numfashi. Tsaya-ka-ji ya sauke hula ya ja layi ɗaya dogo a kan ƙarfe, sannan ya ɗaga shi da filaya ya kai masa har gaban ido. Babu huji ko ɗaya.

Tsinke ya saki numfashi. "To ya aka yi haka?"

"Ya saba da kai ne. Yanzu ba jikin yake dubawa ba."

Tsinke ya jima yana kallon jan akwatin, idonsa ya ɗan kawo ruwa. Ya miƙa hannu ya shafa murfinsa. Sannan ya gyara zama, ya jawo matashinsa, ya ce duk da haka bai kamata a yi sakaci ba, a aika a samo masa wani abu ya ɗan taɓa kafin a fara aiki.