Mahaucin da Ya Daina Zuwa Narayi

Duk wanda ya san Malam Zakariyya'u mahauci a Makera ya san ba a masa maganar sulhu sai an shirya. Mutum ne mai taurin kai, ni kuma maƙwabcinsa ina sonsa a haka.

Kafin rikicin addini na shekarar dubu biyu a unguwar Narayi yake zaune. Duk Kirsimeti shi Kiristocin layinsu ke kira ya yanka musu akuya, don maƙwabta Musulmi su iya cin naman. A rikicin aka kashe ƙanensa Hamza, ko gawarsa ba a gani ba. Ya kwashe iyalinsa ya dawo Makera, bai sake taka Narayi ba.

'Yan kwamitin zaman lafiya sun sha zuwa, da lemonsu da mai ɗaukar hoto. Yakan ce musu shi bai iya yafe wa iska ba, a nuna masa mutum tukuna. Matarsa Ummi ta ce ya bar wa Allah, ya ce ai ya bar masa, amma Allah da kansa ya ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Limaminmu ma ya gaji ya ƙyale shi.

A wata Disamba sai ga Mama Scholastica, tsohuwar maƙwabciyarsa ta Narayi, ta zo da sandarta har bakin teburinsa, wai ya je ya yanka mata akuya. Ya tambaye ta wane Musulmi ya rage a layin da zai ci. Ta zauna a benci ta faɗa masa abin da ta ɓoye fiye da shekara ashirin. Ita da marigayi mijinta suka ɗauke Hamza daga bakin kwata, suka naɗe shi da farin zanenta suka binne a bayan gida. Sun yi shiru ne saboda ɗansu Ernest yana cikin waɗanda suka bi Hamza ranar da aka kashe shi.

"Malam, rigingine muka kwantar da shi, irin namu. Daga baya na ji ku gabas kuke fuskantarwa. Abin nan ya hana ni sakat."

Ranar na ga Malam yana kuka, kuma wallahi ni ma sai da na share ido.

Na raka shi Narayi. Ya daɗe tsaye a bayan gidan yana addu'a, sannan ya ce wa tsohuwar ta kwantar da hankalinta, Allah ya ga niyyarsu. Da aka kawo akuyar, Ernest ne ya durƙusa ya riƙe ƙafafunta, ƙaton mutum da furfura. Wuƙa na hannun Malam, wuyan Ernest bai kai kamu ɗaya da ita ba.

Ya yi bisimilla ya yanka akuyar. Ernest bai ɗago ba, ya ce, "Baba, ka yafe mini."

Malam ya goge wuƙar a hankali. "Abin da ka yi mini na yafe, tunda yau na san inda yake. Na Hamza kuwa ba nawa ba ne balle in ba ka. Wannan sai kun haɗu."

Ernest ya gyaɗa kai, ya ce ya sani.