Wa Zai Je Gungu

Na yi shekaru ina aiki a sashen lafiya na wata ƙaramar hukuma da ke bakin tafkin Kainji. A wancan lokacin, idan za a canja wa ma'aikaci wurin aiki, ba a tambayarsa. Sai dai ya iso sakatariya da safe ya ji labari. Wanda aka bari kusa ya yi shiru, wanda aka jefa nesa ya shiga neman mai yi masa magana da manya.

Da aka yi sabon ciyaman, ƙungiyarmu ta roƙi a riƙa zama da wakilan ma'aikata kafin a yanke abin da ya shafe su. Ya yarda. Ni aka zaɓa daga sashenmu, ba don na fi kowa baki ba, sai don gidana yana kusa da sakatariya.

Zaman farko-farko babu wani armashi. Ciyaman ya yi jawabi, daraktan ma'aikata ya faɗi abin da aka riga aka tsayar, a raba lemo, a shafa fatiha.

Wata damina, ruwa ya cika, darakta ya kawo maganar canjin wuraren aiki. Cikin waɗanda abin ya shafa har da wata dattijuwar ungozoma da za a tura wani tsibiri, abin da mu nan muke kira gungu. Labari ya kai mata, ta same ni a ƙofar gida bayan la'asar.

"Malam," in ji ta, "ni ba ni shiga jirgi. Tun da ruwan ga ya ci ƙanena ranar kasuwa ban sake taka kwalekwale ba. In an matsa, sai in aje aikin."

Na ce, "Hajiya, zan faɗa, amma ban yi miki alkawari ba."

A zama na gaba na faɗa. Darakta bai yi fushi ba. Ya ce, "Matan gungun nan suna haihuwa babu mai duba su. In kowa ya ce ba ya son ruwa, wa zai je?"

Gaskiya ya faɗa. Ciyaman ne ya dube mu ya ce, "To, an tambayi sauran ma'aikatan?"

"Ranka ya daɗe, ba a saba tambaya ba," in ji darakta.

Aka dakatar da maganar, aka ce mu wakilai mu zaga. Na hau mashin na bi ɗakunan shan magani ɗaya bayan ɗaya, cikin taɓo. Mutane suka yi ta faɗin abin da ban sani ba duk da daɗewarmu tare. Wani yana jinyar mahaifinsa. Wani ba ya jin yaren garin da aka kai shi, sai da tafinta yake duba marasa lafiya.

A wani ƙauyen tudu na tarar da wata matashiyar ungozoma. Da na ambaci gungun, sai ta aje abin da ke hannunta.

"Can aka haife ni, Malam. Innata tana can. Na daɗe ina son komawa."

"Mi ya hana ki faɗi?"

"Wa zan faɗa wa?"

Aka yi musaya. Ita ta tafi gungu, dattijuwar ta koma tudu, inda ta zauna har ta yi ritaya. Ba kowa ya samu yadda yake so ba. Wani abokin aikina da ya nemi a bar shi cikin gari, an saurare shi, kuma aka tura shi ƙauye. Ya daɗe ba ya amsa gaisuwata.

Ciyaman da ya biyo baya ba mai son dogon zama ba ne, taron ya ja baya, wani lokaci sai mun tuna masa. Zagayen tambayar dai ya ɗore, domin shi kansa darakta ya ga ƙorafi ya ragu a ofishinsa. Matashiyar ta yi aiki a gungu har ta yi aure a garin Yelwa, ta nemi a dawo da ita tudu. Wurin ya sake zama babu kowa na wani lokaci, kafin wakilin da ya gaje ni ya samo wadda ta yarda ta je.