Agogon Uwaliya a Bakin Rima

Kowace safiyar damina, kafin ya buɗe shagonsa na gyaran waya a Goronyo, Malam Iliyasu yakan gangara bakin Rima, ƙasa da madatsar ruwa, da agogon bango a hammata. Akwai turken da ya kafa a gaɓa, mai zane uku na awon ruwa, na sama ja. Sai ya rataye agogon a kai, ya kunna bidiyo kai tsaye a Fesbuk, manoman fadama daga Kagara har Wurno da Rabah su ga inda ruwa ya kai. Shekara bakwai ke nan, ba wanda ya sa shi.

Agogon nan ya sha dariya. Na ɗakin matarsa Uwaliya ne, ta daɗe tana mita a kansa. Amma fa ba ado ba ne. Wata shekara wani manomi, Sa'adu, ya ga ruwa a zane na biyu, ya saki jiki, ashe sabis ya yi rauni, hoton ya makara a hanya. Ruwa ya tafi da injinsa na ban ruwa. Kwana biyu Iliyasu bai iya cin abinci ba. Tun daga nan yake rataye agogon, kullum yana cewa, "Ku dubi agogona, ku dubi naku. Abin da kunka gani ya riga ya wuce."

Bara, ranar da ruwa ya taso, Turai ta Kagara tana riƙe da waya tana kallon bidiyon, don mijinta Mainasara yana tsallaken mashigi yana yankan shinkafa. Bidiyon sai ya tsaya, ya tafi, ya tsaya. A hoton ruwa bai kai jan zanen ba, maƙwabta suka ce da sauran lokaci. Ta dubi agogon da ke cikin bidiyon: goma saura kwata. Wayarta kuwa goma da minti biyar. Ashe hoton ya makara da minti ashirin, nan take ta kira mijinta.

"Mi kaka jira? Bar shinkahwar, ka taho yanzu."

Ya tsallako ruwa iya ƙirji. Dammunan da ya bari ba a sake ganin su ba.

Malam Iliyasu, kai ne idon fadama. Kai ne ka gaya mana gaskiya, har da gazawar wayarka. Mun gode, Allah ya saka.

Sai dai ina tsoro. Bana gwiwar Malam Iliyasu ta ƙi gangara, kuma har yau ban ji wanda ya ce zai karɓi aikin ba. Mutanen Rima, saura wata biyu damina ta sauka. Uwaliya ta ce ta bar agogon ga duk wanda zai sauka bakin ruwa.