Zuwansa na Uku

"Kada ki wahalar da kanki, 'yar nan, mun san shi. Zuwansa na uku ke nan."

Haka wata tsohuwa daga Madadi ta ce min da hantsi, ina duba jikanta a ɗakin yara inda nake aikin jinya. Watansa takwas, sunansa Ajuji. Yatsunsa sun kumbura, idonsa ya yi rawaya, ya kafe ni da kallo ko ƙiftawa babu.

Wai ɗan wabi ne. Yayyensa biyu haka hannunsu ya kumbura kafin su rasu, don haka shi ne dai yake tafiya yana dawowa. Da ta buɗe jaka, na hango farin yadi a ninke. Likkafaninsa ne ta taho da shi.

Na ce, "Inna, ba yaron ne yake dawowa ba, ciwon ne. A gwada jininsa."

Sikila ce. Ya samu magani, kumburin ya saɓe.

Ranar sallama ta miƙo min yadin. "Ajiye a wajenki. In na koma gida da shi, Ajuji zai gani, ya sake tafiya."

Yana nan a durowata, na kasa taɓawa. Ku a garinku, yara nawa aka kira wabi ba a gwada jininsu ba?